Karanta Alamomin Sito a Kan Tsofaffin Kayan Bindigar Soja: Nazari Daga Iyakar Jibiya

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazari a kan haruffa da lambobi da tambura waɗanda hukumomin soja suka riƙa bugawa a jikin kayan da ke tafiya tare da bindiga, kamar banati da kubensa, maratayi, ɗamara, jakar harsashi da 'yar kwalbar mai. An ɗauki iyakar Jibiya a matsayin farfajiyar nazari domin a nan tsarin sito guda biyu suka yi maƙwabtaka, wato na Ingila da na Faransa. Takardar ta rarraba alamomin gida huɗu gwargwadon tambayar da kowanne yake amsawa, sannan ta fi mayar da hankali a kan lambar kundin sito. An nuna cewa wannan lamba sunan nau'in kaya ce, ba sunan kayan da ke hannu shi kaɗai ba, don haka tana iya ƙaryata labarin da ake bayarwa game da kaya, amma ba ta isa ta tabbatar da wanda ya riƙe shi ba. Takardar ta kammala da shawarwari ga manazarta al'adu da tarihi kan yadda za a taskace waɗannan shaidu ba tare da saɓa wa doka ba.

Fitilun kalmomi: alamomin sito, banati, mazan jiya, Jibiya, kayan tarihi

1.0 Gabatarwa

Masana tarihin ƙasar Hausa sun daɗe da sanin darajar hatimi. Wasiƙar da ta fito daga fadar wani sarki a ƙarni na 19 ko da ba ta ɗauke da kwanan wata, hatiminta yakan nuna zamanin da aka rubuta ta. Akwai wani nau'in hatimi da bai samu irin wannan kulawa ba, shi ne wanda ke jikin kayan sojan mulkin mallaka. Dubban Hausawa da maƙwabtansu sun yi aikin soja a ƙarƙashin Ingila da Faransa, kuma duk abin da aka rataya musu ya fito ne daga sito, an ƙirga shi, an buga masa shaida. Mutanen nan, waɗanda ake kira mazan jiya, kusan duk sun kwanta dama. Abin da ya rage shi ne labaran da suka bari a bakin 'ya'ya da jikoki, sai kuma ɗan abin da ya tsira na kaya a gidajen tarihi da fadoji da akwatunan gado.

Labarin baka yakan faɗaɗa da tsawon zamani. Banatin da kaka ya dawo da shi daga Burma yana iya zama na yaƙin Burmi a bakin tattaɓa-kunne, domin sunayen sun yi kama kuma shekaru sun ja. Tambarin da ke jikin ƙarfen kuwa yana nan yadda aka buga shi. Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda ake karanta waɗannan tambura, da kuma inda iyakar shaidarsu ta tsaya.

1.1 Farfajiya da Hanyar Nazari

Nazarin ya taƙaita ne a kan kayan rakiyar bindigogin soja daga shekarun 1870 zuwa shekarun 1970. An bi hanyar kwatanta tsarin alamomin Ingila da na Faransa, tare da ɗora su a kan sanannen tarihin yankin. Misalan da aka kawo a sashe na 5.0 na koyarwa ne, an gina su a kan tsarin da masana'antun suka bi. Kalmar "sito" a nan tana nufin dukkan tsarin ajiya da rabon kayan soja, tun daga masana'anta har zuwa hannun mai kula da kaya a bariki.

2.0 Jibiya a Matsayin Mahaɗar Sito Biyu

Jibiya tana yamma da birnin Katsina, a kan hanyar da ta ratsa Magama ta shiga Ɗan Isa ta nufi Maraɗi. Kafin zuwan Turawa, wannan yanki fagen daga ne tsakanin masarautar Katsina da sarakunan Haɓe waɗanda suka kafa Maraɗi bayan jihadi. Turawa sun zo sun mayar da shi iyakar dauloli biyu. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1890 da 1898 da 1904 da 1906 su suka tsara layin, sannan tawagar Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee ta bi ƙasa ta kafa shaidu tsakanin 1906 da 1908.

Ta ɓangaren kudu, rundunar da Lugard ya fara haɗawa a 1897, wadda ake taƙaita sunanta da WAFF, ita ce ta ci Kano a watan Fabrairun 1903, ta ci Sakkwato a watan Maris, sannan ta shiga Katsina. Ta ɓangaren arewa kuwa, ayarin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar Konni har zuwa Tasawa a 1899, kuma a shekarar ce Faransa ta kama Damagaram. Tun daga lokacin, kowane ɓangare yana da barikokinsa da kundin kayansa da harshen da yake rubuta su.

Sai dai iyaka ba ta taɓa hana mutane da kaya ketarawa ba. Samari da yawa daga ƙasar da Faransa ke mulki sun gangaro sun shiga sojan Ingila, suka koma gida bayan sallama. Lokacin da Kawusan ya yi wa Agadas ƙawanya daga ƙarshen 1916 zuwa Maris 1917, hukumar Nijeriya ta tura sojoji arewa domin taimakon Faransa. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 kuma, sa'ad da Nijar ke ƙarƙashin gwamnatin Vichy, iyakar ta koma wurin zaman ɗar-ɗar tsakanin maƙwabtan biyu. Tarihin Samanja Chari Maigumeri, wanda ya fara yi wa Jamus aiki a Kamaru kafin ya shiga rundunar Nijeriya, kuma barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa a yau, ya isa misali a kan cewa mutum guda yakan ɗauki kayan sito fiye da ɗaya a rayuwarsa. Saboda haka, wurin da aka tsinci kaya ba hujja ba ce ta asalinsa. Dole a koma ga abin da aka buga a jikinsa.

3.0 Rabe-raben Alamomi a Tsarin Ingila

Alamomin da ke jikin kaya guda ba lokaci ɗaya aka buga su ba, kuma ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Akwai mai cewa kayan na wace hukuma ne, akwai mai cewa wa ya ƙera kuma yaushe, akwai mai cewa mene ne sunansa a kundi, akwai kuma mai ba da labarin abin da ya same shi bayan ya bar sito.

3.1 Alamar Mallaka

Babbar shaidar mallakar gwamnatin Ingila ita ce kan kibiya mai layi uku da suka haɗu a sama, wadda siffarta ta yi kama da sawun kaza. A kan tsofaffin kaya takan zo da haruffan BO, wato hukumar makamai wadda aka rushe a 1855, daga nan aka koma WD, wato sashen yaƙi. Ƙasashen da ke ƙarƙashin daular sun sarrafa kibiyar ta hanyarsu. Kanada ta sa ta cikin harafin C, Afirka ta Kudu cikin harafin U, Ostireliya tsakanin harafin D guda biyu, Indiya kuma ta haɗa ta da harafin I. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ga tarihin mazan jiya, domin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun sauka Indiya a 1943 da 1944 kafin su shiga dajin Burma. Ganin shaidar Indiya a jikin ɗamarar tsohon soja ba abin mamaki ba ne.

Sai kuma kambi da haruffan sarauta. VR na Sarauniya Biktoriya ne, wadda ta rasu a 1901. ER a kan kayan farkon ƙarni na Sarki Edward na VII ne, 1901 zuwa 1910. GR kuwa ya haɗa sarakuna biyu, George na V daga 1910 zuwa 1936 da George na VI daga 1936 zuwa 1952, shi ya sa ba ya wadatarwa shi kaɗai. Idan aka ga GRI, kayan daga Indiya ya fito, galibi daga masana'antar Ishapore.

3.2 Mai Ƙira da Shekara

A kan banati, ana samun waɗannan alamomi ne a gindin ruwan wuƙar, dab da mariƙi. Banatin da ya fi yaɗuwa shi ne samfurin 1907, mai tsawon ruwa inci 17, wanda aka yi domin gajeriyar bindigar Lee-Enfield. A gefe guda akwai kambi da haruffan sarki, da lambar 1907, da wata da shekara cikin ƙananan lambobi, da sunan maƙera kamar Wilkinson ko Sanderson ko Chapman, ko kuma EFD na masana'antar gwamnati da ke Enfield. A ɗaya gefen akwai kibiya, da harafin X mai nuna an gwada lanƙwasa ƙarfen ya jure, da ƙananan tambura na masu duba aiki, kowanne kambi ne a kan lamba da harafi.

A kan kayan saƙa, wato ɗamara da maratayi da jakunkunan da aka yi da zaren auduga mai kauri, alamar ta tawada ce, kuma a bayan kayan ake buga ta. M.E.Co. na nufin kamfanin Mills, M.W.&S. kuma kamfanin Wright da 'ya'yansa. Samfuran da aka fi sani su ne na 1908 da 1937 da 1944 da 1958. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an ɓoye sunayen masana'antu da yawa, aka ba su harafi da lamba gwargwadon yankinsu, N ga arewacin ƙasar, M ga tsakiya, S ga kudu. Da haka M47C ta zama shaidar masana'antar BSA da ke Shirley, N67 kuma ta kamfanin Singer, wanda Hausawa suka fi sani da keken ɗinki amma ya ƙera banati a zamanin yaƙi.

Kwanson harsashi ma yana da nasa rubutun a gindi. R da L da kibiya a tsakani na Woolwich ne, K na Kynoch, KF na Kirkee da ke Indiya, sai shekara, sai VII mai nuna samfurin da aka fara amfani da shi a 1910.

3.3 Lambar Kundin Sito

Wannan ita ce alamar da aka fi yi wa mummunar fahimta. Rundunar da ke da barikoki daga Zariya zuwa Rangun tana buƙatar hanyar da mai kula da kaya zai nemi abu a rubuce a aiko masa da ainihinsa. Domin haka sojan Ingila suka tanadi kundi mai suna Vocabulary of Army Ordnance Stores, wanda ake taƙaitawa da VAOS. Kundin ya kasa kaya sashe-sashe, ya ba kowane nau'i tsayayyen suna da lamba. Duk wani sabon kaya ko canji a tsohon samfuri kuma ana shelanta shi a wata sanarwa mai suna List of Changes, wadda aka fara fitarwa tun 1860.

Akwai abin lura ga masu nazarin harshe a yadda kundin ke sa suna. Turanci yakan gabatar da siffa kafin suna, amma harshen sito ya juya wannan tsari, yana fara kawo sunan abu sannan bayanansa su biyo baya. Abin da aka rubuta Sling, rifle, web, tsarinsa daidai yake da na Bahaushe idan ya ce maratayi na bindiga na saƙa. Dalili shi ne a samu jera dangin kaya wuri ɗaya bisa tsarin abjadi.

Lambar kundi ta tsohon tsari tana da gaɓa uku: shaidar sashe, haruffa biyu, sai lambobi. Sashen B1 ya ƙunshi bindigogi da banati da tarkacensu. Kayan ratayawa na saƙa suna sashen A1 da farko, daga baya aka mayar da su sashen CN, haruffansu kuma galibi AA ne. Saboda haka rubutu irin CN/AA da lambobi huɗu a bayan jaka yana nuna kayan bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne, ko da kuwa samfurin na 1937 ne. Haka ma haruffan CR da lamba a kan ƙananan sassan bindiga.

Daga ƙarshen shekarun 1950 Ingila ta fara komawa tsarin ƙungiyar tsaro ta NATO, wanda ya samo asali daga kundin gwamnatin Amurka. Cikakkiyar lambar tana da alƙaluma 13 a gaɓa uku:

Alƙaluma huɗu na farko suna nuna ajin kaya. 1005 na bindigogin da faɗin bakinsu bai wuce milimita 30 ba ne da sassansu, 8465 kuma na kayan da soja ke ratayawa a jikinsa.

Alƙaluma biyu na tsakiya suna nuna ƙasar da ta shigar da kayan cikin kundi. 99 Ingila, 14 Faransa, 13 Beljiyam, 12 Jamus, 15 Italiya, 00 da 01 Amurka.

Alƙaluma bakwai na ƙarshe su ne lambar nau'in. A kan ƙananan kaya sau da yawa su kaɗai ake bugawa, kamar lambobin da suka fara da 960 a jikin banati da sassan bindigar L1A1.

Abubuwa uku ne ya kamata manazarci ya riƙe. Na farko, lambar kundi ta bambanta da lambar siriyal. Siriyal na bindiga ɗaya ne tak, lambar kundi kuwa tana kan dubban kaya masu kama ɗaya, kamar yadda kalmar "rawani" ba ta nuna rawanin wane sarki ba. Na biyu, lambar ƙasa tana nuna wanda ya rubuta kayan a kundi ne, ba rundunar da ta yi amfani da shi ba. Nijeriya ba ta cikin NATO, amma ta sayi kaya masu lamba 99 da 13 bayan samun 'yanci. Na uku, tsarin lambar kansa kwanan wata ne. Kayan da ke ɗauke da 8465-99 ba zai yiwu ya halarci yaƙin Burma ba, domin tsarin bai wanzu ba a 1945.

3.4 Alamomin Bayan Sito

Bayan kaya ya bar sito, rayuwarsa takan bar tabo. A ƙotar tsohuwar Lee-Enfield akwai ɗan faifan tagulla inda ake buga taƙaitaccen sunan runduna da lambar jeri, amma samfurin No. 4 ba shi da shi. Shi ne samfurin da 'yan sandan Nijeriya suka daɗe suna riƙewa, wanda jama'a ke kira Mak 4. Inda aka ga sunan rundunar Afirka ta Yamma, ko a bajo mai bishiyar kwakwa, harafin R a farkon RWAFF yana nuna 1928 ko bayanta, domin a shekarar ce aka ƙara wa rundunar laƙabin sarauta. FTR na nufin an mayar da kayan masana'anta an yi masa gyara na gaba ɗaya. DP na nufin an rage masa daraja zuwa na fareti kawai. Kibiya biyu masu haɗa baki kuwa suna nuna gwamnati ta sayar da kayan, ya fita daga hannunta ta halaliya.

Alama ɗaya ce take kai manazarci ga mutum, ita ce lambar soja wadda aka rubuta da tawada ko aka buga a bayan ɗamara. Lambobin sojojin Nijeriya na Yaƙin Duniya na Biyu suna farawa da NA. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila ta sanya sunayen waɗanda suka rasu tare da lambobinsu a intanet, ga kuma takardun sallama da lambobin yabo da iyalai ke ajiyewa. Idan lambar ɗamara ta dace da ta takardar sallama, an samu shaida biyu masu ƙarfafa juna.

4.0 Tsarin Faransa

Faransa ta fi dogara da sunan masana'anta da shekarar samfuri. Manyan masana'antun gwamnati uku ne: Saint-Étienne da Châtellerault da Tulle, waɗanda ake taƙaitawa da MAS da MAC da MAT. Haruffan Mle na nufin samfuri, don haka Mle 1874 bindigar Gras ce, Mle 1886 ta Lebel ce, Mle 1907 kuma Berthier ce wadda aka tsara musamman domin sojojin Afirka ta Yamma. MAS 36 ita ce wadda sojan Nijar suka gada a farkon 'yanci.

Banatin Gras ya fi kowanne sauƙin karantawa, domin a doron ruwansa an zana sunan masana'anta da wata da shekara cikin rubutun hannu mai lanƙwasa. Banatin Lebel kuwa siriri ne mai kusurwa huɗu, ba shi da wannan rubutu, kuma daga 1915 aka daina yi masa ƙugiyar da ke gaban mariƙi. Faransawa sukan buga siriyal ɗin bindiga, harafi da lambobi, a jikin banati da kubensa. Idan lambobin biyu suka dace, tare suka fito daga sito. Idan suka saɓa, an haɗa su ne daga baya. Alamar anga, wato ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa, tana nuna kayan ya shiga hannun sojan ruwa ko rundunar mulkin mallaka, wadda a ƙarƙashinta sojojin Nijar suka yi aiki.

Ya kamata a ware wani rukuni na uku domin kada a cakuɗa shi da waɗannan. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, amma ta bar ƙofa ga bindigogin duri. Irin waɗannan na kasuwa sukan ɗauki shaidar gwaji ta Birmingham ko haruffan ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai, wato shaidar Liège ta Beljiyam. Wannan shaidar gwajin ƙarfe ce, ba ta mallakar soja ba. Kayan 'yan bindigar sarki da na maharba sun fi faɗawa cikin wannan rukuni.

5.0 Misalan Karatu

A ɗauka an gabatar da banati mai kambi da GR, da 1907, da 8 '17, da sunan Sanderson, kuma masu shi suna cewa ganimar Satiru ce. Karatun shi ne: mallakar gwamnatin Ingila, samfurin 1907, an karɓe shi a watan Agustan 1917. Tawayen Satiru a 1906 aka yi shi, yaƙin Burmi kuma a Yulin 1903, duk kafin a ƙirƙiro samfurin. Labarin ya faɗi ta wannan fuska. Amma banatin yana iya kasancewa ya je Gabashin Afirka a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, ko Habasha a 1941, ko kuma bai taɓa barin bariki ba. Tambarin bai zaɓi ko ɗaya ba.

A ɗauka kuma ga jakar harsashi guda biyu masu kama ɗaya. Ta farko tana da M.E.Co. 1943 da kibiya, ta biyu tana da lamba mai farawa da 8465-99. Ido zai ce tagwaye ne, amma kama da wane ba ta wane. Ta farko ta dace da zamanin Burma, ta biyu kuwa ta fi kusa da zamanin Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970.

Misali na uku, banati mai rubutun Mre d'Armes de St Etienne Août 1878 da alamar anga. An ƙera shi a watan Agustan 1878, shekara 21 kafin ayarin Voulet da Chanoine ya iso ƙasar Tasawa. Shekarar ƙira ita ce iyakar farko, ba ranar isowa ba. Kayan soja yakan yi shekaru a sito, kuma tsofaffin samfura su aka fi turawa ƙasashen mulkin mallaka.

6.0 Wuraren da Ake Tuntuɓe

Kuskure na farko shi ne ɗaukar shekarar samfuri a matsayin shekarar ƙira. An ci gaba da ƙera banatin 1907 har cikin Yaƙin Duniya na Biyu, kayan saƙa na 1937 kuma har cikin shekarun 1950.

Na biyu shi ne karanta sashe ɗaya a yanke wa dukkan kayan hukunci. Maƙeran bariki sukan musanya sassa, dukawa kuma sukan sake wa kube fata ko su ɗinka sabon maratayi a kan tsofaffin ƙarafa. Irin wannan gyara ba aibi ba ne ga mai nazarin al'ada, shi ma babi ne na tarihin kayan, amma dole a rubuta kowane sashe daban.

Na uku shi ne jabu. Maƙeran yankin Khyber da ke tsakanin Pakistan da Afganistan sun shahara da kwaikwayon bindigogin Ingila har da tamburansu, kuma ana gane aikinsu ta harafin da ya juya baya ko VR tare da shekarar da ta wuce 1901. Darasin shi ne alamomi su yi wa juna shaida. Idan sarki da shekara da masana'anta ba su dace ba, akwai magana.

Na huɗu shi ne gogewa. Al'adar wanke ƙarfe da toka ko yashi tana cinye ƙananan tambura, wanke kayan saƙa da sabulu kuma yana tafiya da tawada. Abin da ya dace shi ne a share ƙura da busasshen ƙyalle, a haska tocila daga gefe domin inuwa ta fito da rubutun, a ɗauki hoto tare da ma'auni, sannan a kwafe alamar yadda take ba tare da cike gurbin abin da ya goge ba.

7.0 Doka da Halin da Iyaka Ke Ciki

Jibiya tana cikin ƙananan hukumomin Jihar Katsina da matsalar 'yan bindiga ta fi shafa, kuma an rufe iyakar a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. A irin wannan yanayi, duk abin da ya yi kama da kayan soja abin zargi ne. Haɗarin ta fuska biyu yake. Iyalin da suka gaji ɗamara ko kube suna iya jefa shi rijiya saboda tsoro, tarihi ya salwanta. Wanda bai san alama ba kuma yana iya ɗaukar kayan 1943 a matsayin shaidar laifin yau, ko ya ɗauki na yau a matsayin tsohon tarkace. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Dokar Makamai ta 1959 ta sanya bindigogin soja, har da masu harsashin .303 da 7.62, cikin waɗanda aka haramta mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma tsufan bindiga ba ya zama lasisi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2001 kan makamai ta ƙayyade cewa bindigar da aka ƙera bayan 1899 ba ta shiga sahun kayan tarihi. Wannan ya nuna cewa karanta shekara daidai yana da nauyi a wajen shari'a. Saboda haka aikin manazarci ya tsaya ga hoto da rubutu, da kayan da ke hannun hukuma, kamar gidan tarihi na Katsina da ke ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da Gidan Makama a Kano. Bai kamata ya ɗauki bindiga ko harsashi ko banati ya bi hanya da su ba, balle ya ketara iyaka. Tsohon harsashin da bai fashe ba kuwa, sanar da hukuma ake yi, ba a taɓa shi.

8.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa alamomin da ke jikin kayan bindiga rubutu ne mai tsari, kuma kowane rukuni yana da tambayar da yake amsawa. Kibiya da anga suna faɗin hukuma, sunan masana'anta da shekara suna faɗin asali, lambar kundi tana faɗin nau'i da zamanin tsarin, lambar soja kaɗai ke kaiwa ga mutum. An ga cewa ƙarfin waɗannan shaidu ya fi yawa wajen kore abin da ba zai yiwu ba, don haka ba su maye gurbin labarin baka, sai dai su tace shi.

Ana ba da shawarar sassan nazarin Hausa da na tarihi, musamman a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maraɗi, su haɗa kai da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa wajen samar da rajista ta hotuna, inda za a rubuta alamomin kowane kaya tare da labarin da iyali ke bayarwa game da shi, kowanne a gurbinsa. Haka kuma akwai buƙatar tattara kalmomin bariki da suka shigo Hausa ta wannan hanya, irin su sito da banati da samanja da kofur, tare da takwarorinsu na Hausar Nijar da suka fito daga Faransanci, tun 'ya'yan mazan jiya da suka ji su daga bakin iyayensu suna raye.